CIWON GAƁOƁI: ABIN DA KE FARUWA A CIKIN GAƁA IDAN TA KUMBURA

Da zarar hunturu ya sauka a Yola da Jimeta cikin watan Disamba, kukan ciwon gaɓoɓi yakan yawaita a gidaje da ɗakunan shan magani. Masunta na bakin kogin Binuwai, da manoman fadamar Geriyo masu yini cikin ruwa, da tsofaffin da ke zaune a gida, galibi bayani ɗaya suke yi, watau sanyi ya shiga ƙashi. Gaskiya ne mutane da yawa sun fi jin ciwon a lokacin ɗari. Amma duk wanda ya ɗora bayan hannunsa a kan gwiwar da ta kumbura zai ji ta fi ɗayar ɗumi. Wannan ɗumi daga cikin gaɓar yake tasowa, kuma jikin mutum ne da kansa ke hura shi. Fahimtar yadda yake tasowa ita ce za ta nuna wa jama'a wane ciwon gaɓa ne zai iya jira, wane ne kuma jinkirinsa kan jawo naƙasa.

Yadda Gaɓa Take

Gaɓa ita ce mahaɗar ƙasusuwa biyu. Bakin kowane ƙashi yana lulluɓe da guringuntsi mai santsi, domin kada su gogi juna. Akwai kuma wata jaka da ta kewaye mahaɗar, wadda cikinta ke shimfiɗe da tantani siriri ƙwarai. Tantanin nan shi ke tsattsafo da wani ruwa mai yauƙi kamar na kuɓewa, wanda ke sa gaɓa ta motsa ba tare da gurzuwa ba. A gwiwa mai lafiya ruwan bai wuce cikin ƙaramin cokali ba. Guringuntsi ba shi da hanyoyin jini nasa, daga ruwan nan yake samun abinci, shi ya sa idan ya lalace ba ya komawa yadda yake. Yana da kyau mai karatu ya riƙe wannan, domin a kansa maganar gaggawar zuwa asibiti ta dogara.

Yadda Kumburi Ke Tashi

Tun a ƙarni na farko bayan haihuwar Annabi Isa (A.S.) wani marubuci Barume mai suna Selsus ya ƙidaya alamomin kumburi guda huɗu: ja, da ɗumi, da tashin wuri, da zogi. Abin da bai sani ba shi ne masu aikin, domin ido ba ya ganinsu sai da madubin likita.

Jikin ɗan Adam an gina shi ne da ƙananan ƙwayoyin halitta, kuma a cikinsu akwai waɗanda aikinsu gadi ne. A jikin tantanin gaɓa akwai wasu manyan masu gadi da ake kira makurofaj, waɗanda ke haɗiye ƙwayar cuta ko mataccen nama su narkar da shi. Wani masani ɗan Rasha, Mecinikof, shi ya fara bayyana wannan haɗiya a 1882. Idan makurofaj ya ci karo da abin da bai yarda da shi ba, ba ya tsayawa ga haɗiya kawai, sai ya saki wasu sinadarai da ake kira saitokin, waɗanda aikinsu kamar na 'yan aike ne. Uku daga cikinsu sun fi shahara a ciwon gaɓoɓi, su ne TNF, da intalukin-1, da intalukin-6.

Saƙon 'yan aiken nan yakan fara isa ga ƙananan hanyoyin jini na kusa. Sai hanyoyin su buɗe, jini ya ƙaru, wurin ya yi ɗumi ya yi ja. Bangonsu kuma ya saki, ruwa ya tsiyayo cikin jakar gaɓa, ta cika ta yi tauri. Har ila yau bangon yakan yi danƙo, ta yadda fararen ƙwayoyin jini masu wucewa za su manne, su kutsa ta tsakanin bangon su shiga gaɓa. Na farkon isowa su ne nutrofil, masu zubar da sinadarai masu ƙuna a kan abokin gaba, ba tare da bambance shi da naman da ke kewaye ba. Ana cikin haka sai ƙwayoyin wurin su ƙera wani sinadari mai suna furostagilandin, wanda ke tsananta jin jijiyoyi, har taɓawar mayafi ma ta zama azaba.

Duk wannan tsari ne na kariya, kuma in ba dominsa ba, ƙaya ɗaya ta isa ta kashe mutum. A al'ada idan an gama da abin da ya tayar da shi, nutrofil su mutu, makurofaj ya share gawarwakinsu, wurin ya lafa. Cututtukan gaɓoɓi suna samuwa ne idan abin da ya tayar da kumburin ya ƙi gushewa, ko kuma masu gadi suka yi kuskuren gane abokin gaba.

Amosanin Gaɓoɓi Mai Cin Ƙashi

Wannan shi ne wanda likitoci ke kira rumatoyid, sunan da likita Alfred Garrod na Ingila ya raɗa masa a 1859. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 18 ne ke fama da shi a duniya, kuma kashi 70 cikin 100 mata ne. Binciken da likita Brian Greenwood ya yi a Ibadan a ƙarshen shekarun 1960 ya sa aka daɗe ana ganin cutar ba ta da yawa a ƙasar nan. Amma a 2010 Farfesa Olufemi Adelowo da abokan aikinsa suka wallafa bayanin majinyata 200 daga ɗakin duba masu ciwon gaɓoɓi guda ɗaya a Legas. Cutar tana nan, sau da yawa sunan sanyi ne ya rufe ta.

Mafarinta kan kasance shekaru kafin a ji ciwo, kuma sau da yawa nesa da gaɓa. A huhun mai shan taba, ko a dasashin da ya daɗe yana ruɓa, wasu sinadaran ginin jiki sukan ɗan sauya kama. Ga yawancin mutane wannan ba ya jawo kome. Amma ga wanda ya gaji wani irin tsarin garkuwa, fararen ƙwayoyin jini da ake kira T da B sukan ɗauki abin da ya sauya kamar baƙo ne, su ƙera makamai a kansa. Ana iya ganin makaman nan a jini tun mutum yana jin garau. Ran da faɗan ya koma cikin tantanin gaɓa, sai ya rasa ranar ƙarewa, domin abin da ake yaƙa naman jiki ne, ba ya gushewa.

Tantanin da a da ya fi fatar albasa sirantaka sai ya yi kauri, ya yi sababbin hanyoyin jini, ya fara yaɗo a kan guringuntsi yana zubar da sinadarai masu narkar da shi. A gefe guda TNF da 'yan uwansa sukan tayar da wasu ƙwayoyi da ake kira ostiyokilas, waɗanda aikinsu na kullum shi ne rushe tsohon ƙashi domin a gina sabo. A nan sai su yi ta rushewa ba mai ginawa, har a ga ramuka a bakin ƙashi cikin hoton asibiti. Wannan ɓarna takan fara tun a shekara ta farko ko ta biyu, kuma ita ce daga baya ke karkatar da yatsu har mace ta kasa riƙe muciya ko ɗaura zane.

Alamarta ba ta ɓuya ga wanda ya lura. Takan kama ƙananan gaɓoɓin yatsu da wuyan hannu, dama da hagu a tare. Da asuba hannu yakan sandare, har alwala ta yi wuya, kuma sandarewar takan kai awa guda ko fiye kafin ta saki. Dalili shi ne intalukin-6 yakan hau da tsakar dare zuwa asuba, daidai lokacin da sinadarin da jiki ke kwantar da kumburi da shi ya yi ƙasa. Shi dai wannan ɗan aike yakan bi jini ya je hanta, ya sa jiki ya ɓoye sinadarin ƙarfe, saboda haka majinyaci kan yi ƙarancin jini da kasala ko da yana cin abinci sosai.

Gawut, Ciwon Babban Yatsa

Wannan nasa mafarin daban ne. Idan wani gishiri mai suna yurik asid ya yi yawa a jini, yawanci saboda ƙoda ba ta fitar da shi yadda ya kamata, yakan daskare a gaɓa ya zama ƙananan allurai. Makurofaj ya haɗiye su, su kuwa su kunna wata na'urar faɗakarwa da ke cikinsa, wadda masana a Lozan ta ƙasar Suwizalan suka bayyana aikinta a wannan cuta a 2006. Nan take intalukin-1 ya kwararo, nutrofil su cika gaɓa. Mutum ya kwanta lafiya, ya farka cikin dare babban yatsan ƙafarsa ya yi jawur. Ya fi kama maza manya. Yawan cin jan nama da kayan ciki, da shan giya ko burkutu, da lemon kwalba mai zaƙi, da wasu magungunan hawan jini masu sa fitsari, duk suna taimaka masa. Haka nan ƙarancin ruwa a jiki, abin da ya kamata a kula da shi a Yola cikin Maris da Afrilu, lokacin da zafi kan haura digiri 40. Ciwon yakan lafa da kansa cikin mako ɗaya ko biyu, kuma a nan ne ake yaba wa duk maganin da aka sha na ƙarshe, alhali alluran suna nan kwance.

Zazzaɓin Gaɓoɓi Na Yara

Iyaye su fi mai da hankali a nan. Yaro mai shekara 5 zuwa 15 yakan yi ciwon maƙogwaro da wata ƙwayar cuta mai suna sitreptokokus ta haddasa. Maƙogwaro ya warke, bayan mako biyu ko uku sai zazzaɓi ya dawo, gwiwa ta kumbura, ta saki, idon sawu ya ɗauka, ya saki, gwiwar hannu ta ɗauka. Abin da ya faru shi ne rigar ƙwayar cutar ta yi kama da wasu sassan naman mutum, sai makaman da jiki ya ƙera dominta suka faɗa wa gaɓoɓi da ƙyauren zuciya. Gaɓoɓin sukan warke sarai. Ƙyauren zuciya kuwa yakan yi tabo, kuma duk lokacin da zazzaɓin ya maimaita tabon ƙaruwa yake yi, har saurayi ko mai ciki su riƙa haki a ɗan tafiya kaɗan. Cire belu ba ya kashe wannan ƙwayar cuta. Fenisilin ke kashe ta, kuma yaron da ya taɓa yin zazzaɓin yana bukatar allurarsa kowane mako uku ko huɗu har tsawon shekarun da likita ya ƙayyade.

Akwai sauran dalilai. Zaizayar guringuntsi a gwiwa da ƙugu, wadda tsufa da ƙiba da ɗaukar kaya ke kawowa, ita ce ta fi kowace yawa, amma kumburinta kaɗan ne kuma sannu take tafiya. Tarin fuka yana kama ƙashin baya da ƙugu. Cutar bakkale ta shanu tana shiga mutum ta madarar da ba a tafasa ba, ta sa zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi, abin lura ne a ƙasar kiwo irin Adamawa. Ciwon ƙashi na masu sikila kuwa toshewar hanyoyin jini ne. Amma gaɓa ɗaya da ta kumbura farat ɗaya tare da zazzaɓi mai zafi, wannan a kai ta asibiti a ranar, domin idan ƙwayar cuta ce ta shiga, mugunya kan cinye guringuntsi cikin 'yan kwanaki. Yin sakiya ko tsaga ko ƙaho a kan gaɓar da ta kumbura yana iya buɗe wa ƙwayar cuta ƙofa.

Abin Da Kowane Magani Ke Yi

A 1971 masanin Ingila John Vane ya nuna cewa asfirin yana aiki ne ta hanyar hana jiki ƙera furostagilandin. Haka ibufurofen da diklofenak suke. Suna rage zogi, amma ba su hana tantani cin ƙashi. Kuma shi wannan sinadari da suke tarewa shi ne ke kare bangon tumbi da hanyoyin jinin ƙoda, saboda haka wanda ya mai da su abin sha kullum yana sayen gyambon ciki da ciwon ƙoda da kuɗinsa.

Kotizon, wanda likita Philip Hench ya fara gwadawa a Amurka a 1948, da danginsa irin su firedinisolon da dekzametazon, suna kwantar da kusan dukan 'yan aiken a lokaci guda. Saurin aikinsu ne ya sa ake cusa su cikin haɗe-haɗen ƙwayoyin da ake sayarwa ba da takardar likita ba. Wanda ya daɗe a kansu fuskarsa takan kumbura, ƙashinsa ya yi rauni, ciwon sukari da hawan jini su biyo baya, kuma barinsu farat ɗaya yana da haɗari. Likita yakan ba da su ne da awo, na ɗan lokaci.

Magungunan da ke tsayar da ɓarnar rumatoyid daban suke. Babbansu shi ne metotirekset, wanda ake sha sau ɗaya a mako, ba kullum ba, tare da gwajin jini lokaci lokaci, kuma ba a ba mai ciki ko mai neman ciki. Yakan ɗauki makonni kafin a ga amfaninsa, sai a yi haƙuri kada a bari. A Landan, Marc Feldmann da Ravinder Maini sun gano cewa TNF ne ke jan ragamar sauran 'yan aiken, kuma a 1992 suka gwada allurar da ke kame shi. Irin waɗannan allurai suna da tsada, kuma lalle a binciki tarin fuka kafin a fara su, domin TNF ɗin nan shi ke tsare ƙwayar tarin da ke kwance a huhu.

Duk wanda gaɓoɓin hannunsa suka kumbura har mako shida, ko yake tashi da sandarewa kowace safiya, ya je Asibitin Ƙwararru da ke Jimeta, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Modibbo Adama da ke Yola, wanda a da ake kira Cibiyar Lafiya ta Tarayya. Waɗanda ke ƙauyuka su nemi takardar turawa daga ɗakin shan magani mafi kusa. A tafi da dukan ƙwayoyi da jiƙe-jiƙen da ake sha, a nuna wa likita, a kuma faɗa masa watan da ciwon ya fara da gaɓar da ya fara kamawa. Maganin da aka fara cikin watanni uku na farko shi ya fi tsare ƙashi.