Sitiyarin mota da mataimakinsa

Mota abu ce mai nauyi. Ƙaramar mota takan kai kilo 1000, babba kuwa takan wuce kilo 2000. Duk wannan nauyi yana bisa tayoyi huɗu, kuma wurin da kowace taya ta taɓa ƙasa bai fi tafin hannun babban mutum da yawa ba. Direba yana juya tayoyin gaba da hannunsa biyu, ta hanyar sitiyari.

Yawancin motocin da ake ƙerawa yanzu suna da wata na'ura mai taimakon direba wajen juya sitiyari. Ita ce ake kira mataimakin sitiyari. Saboda ita, ko mutum marar ƙarfi yana iya juya babbar mota da hannu guda. Amma a Turai da Amurka da Japan akwai waɗansu masu motoci da suke biyan makanike kuɗi domin ya cire musu wannan na'ura. Sun fi son sitiyari mai nauyi. Domin a gane dalilinsu, sai an fara sanin yadda sitiyari yake aiki.

Yadda sitiyari yake juya taya

Sitiyari yana manne a kan wani dogon ƙarfe da ya gangara zuwa gaban mota. A ƙarshen ƙarfen akwai ɗan gargare mai haƙora. Haƙoransa suna shiga cikin haƙoran wata sanda ta ƙarfe da ke kwance tsakanin tayoyin gaba biyu. In direba ya murɗa sitiyari, sai gargaren ya juya, ya tura sandar dama ko hagu. Sandar kuma ta tura taya guda, ta jawo ɗayar. Ta haka mota take karya kwana.

Motocin dā ba su da mataimaki. Peugeot 404, wadda aka fara ƙerawa a Faransa a shekara ta 1960, ta daɗe tana ɗaukar mutane da kaya a hanyoyin Nijar, kuma da ƙarfin damtsen direba kaɗai ake juya ta. Maƙeran irin waɗannan motoci sun yi dabara biyu don su rage wa direba wahala. Ta farko, sun yi sitiyari mai faɗi, domin babban sitiyari ya fi sauƙin murɗawa, kamar yadda dogon ƙarfe ya fi gajere sauƙin ɗaga dutse. Ta biyu, sun tsara haƙoran yadda sai an juya sitiyari wajen sau huɗu kafin tayoyi su tashi daga ƙarshen hagu su kai ƙarshen dama. Ana yawaita juyi, amma kowane juyi ba ya cin ƙarfi sosai.

Duk da haka, in mota tana tsaye ko tana tafiya sannu sannu, sitiyarin yakan yi nauyi ƙwarai, domin taya tana goga ƙasa a wuri guda. In mota ta fara gudu sai ya yi sauƙi.

Yadda aka samo mataimaki

Wani injiniya ɗan Amurka mai suna Francis Davis ya nuna sitiyari mai aiki da matsin mai a shekara ta 1926. An yi amfani da dabarar a manyan motocin soja lokacin yaƙin duniya na biyu. A 1951 kamfanin Chrysler ya sa ta a motarsa mai suna Imperial, ya fara sayar wa jama'a. A Faransa, motar Citroën DS ta fito da nata mataimakin a 1955.

Tushen dabarar ya girme mota da nisa. Wani masani Bafaranshe, Blaise Pascal, wanda ya rayu daga 1623 zuwa 1662, ya bayyana cewa in an matsa ruwan da ke rufe cikin wani abu, matsin yana isa ko'ina cikin ruwan daidai wa daida. Ana iya gwada wannan da sirinji biyu cike da ruwa waɗanda aka haɗa da tiyo. In an danna guda, sai ɗayar ta taso.

A cikin mota, mai na musamman ake sawa maimakon ruwa. Injin mota yana juya wani famfo ta hanyar bel. Famfon yana tura mai da ƙarfi cikin tiyo zuwa ga sanda mai haƙora. A jikin sandar akwai fistan cikin bututu. Kusa da gargare kuma akwai bawul, wanda ke haɗe da wani siririn ƙarfe mai ɗan murɗuwa. In direba ya murɗa sitiyari dama, siririn ƙarfen yakan ɗan murɗe, sai bawul ya buɗe wa mai hanya zuwa gefe guda na fistan. Man ya tura fistan, fistan ya tura sanda. In direba ya daina murɗawa, sai man ya koma tankinsa. Watau direba shi ke nuna inda za a nufa, mai kuwa shi ke ɗaukar mafi yawan nauyin.

Daga baya an samo mataimaki mai aiki da lantarki. Kamfanin Suzuki na Japan ya sa shi a wata ƙaramar mota mai suna Cervo a 1988. Wannan ba ya bukatar famfo ko mai. Ƙaramin injin lantarki ne yake taimakon direba, kwamfuta kuma tana auna yawan taimakon. Ya fi rage shan fetur, domin ba ya cin ƙarfi sai sa'ad da ake juya sitiyari. Shi ne a cikin yawancin sababbin ƙananan motoci.

Aikin sitiyari na biyu

Sitiyari yana kai umurnin direba ga tayoyi. Wannan kowa ya sani. Amma yana da aiki na biyu: yana kawo wa direba labarin hanya.

Mai tuƙa keke ya san wannan. In tayar gaba ta bar ƙasa mai tauri ta shiga rairayi, hannunsa ne yake fara ji, tun kafin ya duba ƙasa. Mahayin doki ma ta linzami yake gane ko dokin ya yarda ko yana gardama.

Haka mota take. An tsara tayoyin gaba yadda kullum suna neman komawa su miƙe. Shi ya sa in mota ta fito daga kwana sitiyari yakan koma tsakiya da kansa. A cikin kwana, direba yana jin sitiyari yana ja da hannunsa. Muddin tayoyi suna kame da hanya, wannan ja yana ƙaruwa. Amma in gudu ya yi yawa, tayoyi suka kusa zamewa, sai jan ya ragu, sitiyari ya yi sakayau. Gwanin direba yana jin wannan nan take, ya rage gudu kafin mota ta kuɓuce masa. Ta sitiyari kuma yake bambanta kwalta busasshiya da jiƙaƙƙiya, da tsakuwa, da laka.

Mataimaki yana shiga tsakanin taya da hannu. Yana ɗauke nauyi, amma tare da nauyin yakan ɗauke wani sashe na labarin. Kamar mutum ne yana lalube da safar hannu mai kauri. Na lantarki, in ba a tsara shi da kyau ba, yakan tace girgizar hanya har direba ya rasa abin da tayoyinsa ke ciki.

Masu cire mataimaki

Masu cire mataimaki yawancinsu masu son tseren motoci ne a filayen da aka keɓe. Labarin hanya suke nema. Suna samun waɗansu ƙananan ribobi kuma: motar ta rage ɗan nauyi, injin ya huta da juya famfo, kuma babu sauran yoyon mai.

Ɗaya daga cikin motocin da ake yi wa wannan aiki ita ce Mazda MX-5, wadda ta fito a 1989. Ƙarama ce, mai kujera biyu, kuma ta farkonta ba ta kai kilo 1000 ba. Akwai ma kamfanonin da suka ƙera motocin gudu ba tare da mataimaki ba tun daga masana'anta. Lotus Elise ta Ingila, wadda ta fito a 1996, nauyinta wajen kilo 725 ne, injinta kuma yana bayan direba, don haka gabanta ba nauyi. Alfa Romeo 4C ta Italiya, ta 2013, ita ma ba ta da mataimaki. Abin lura shi ne, dukansu motoci ne marasa nauyi.

Ko a cikin tsere ba a taru a kan ra'ayi guda ba. Motocin tseren IndyCar na Amurka ba su da mataimaki, direbobinsu sai sun yi ta motsa jiki domin ƙarfin hannu da kafaɗa. Motocin Formula 1 kuwa suna da shi, kuma direbobinsu suna jin hanya sarai. Wannan ya nuna mataimakin da aka tsara da kyau ba ya ɓoye labarin hanya duka.

Cire bel ba shi ne aikin ba

Wani yakan ɗauka in ya cire bel ɗin famfo ya gama. Wannan kuskure ne. Man yana nan cikin bututu, fistan yana nan da robobinsa. Yanzu direba zai tura tayoyi, ya kuma tura man da fistan da ƙarfin hannunsa. Siririn ƙarfen bawul zai ci gaba da murɗewa, ya sa sitiyari ya yi ɗan wasa kafin tayoyi su amsa. Ban da haka, a motoci da yawa bel guda ne yake juya famfon sitiyari da na'urar cajin batir da famfon ruwan inji. In an cire shi, inji zai yi zafi, batir ya mutu.

Ƙwararren makanike yakan bi ɗaya daga hanya biyu. Ko ya kwance sandar duka, ya zubar da mai, ya cire robar fistan, ya yi wa bawul walda don ya daina wasa, ya cika wurin da giris, ya toshe ramukan tiyo. Ko kuwa ya sa wata sandar da aka ƙera tun asali don aiki ba tare da mataimaki ba. Hanya ta biyu ta fi kyau. Dalili shi ne, sandar mai mataimaki haƙoranta na sauri ne: juyi uku ko ƙasa da haka ya isa daga ƙarshe zuwa ƙarshe. In an raba ta da mai, takan fi sitiyarin motocin dā nauyi.

Inda hatsari yake

Filin tsere shimfiɗe yake, ba rami, ba dabba, ba yaro mai tsallake hanya. Hanyar kowa ba haka take ba. In taya ta faɗa rami, bugun yana bi ta sanda ya iso hannu. Mataimaki yana shanye wani sashe na bugun. In babu shi, sitiyari yana iya fizgewa ya ji wa direba ciwo a yatsa ko a wuyan hannu. In tayar gaba ta fashe ana cikin gudu, motar takan ja gefe guda da ƙarfi, kuma mataimaki yana taimakon direba ya riƙe ta. In jaki ko yaro ya faɗo hanya, tilas a kauce cikin ƙiftawar ido, sitiyari mai nauyi kuwa yana jinkirta hannu. Doguwar tafiya da shi tana gajiyar da direba, gajiyayyen direba kuma shi ne mai yawan kuskure.

Saboda haka motar da ke ɗaukar iyali, ko fasinja, ko kaya, ba a cire mata mataimaki. A sababbin motoci ma mataimakin lantarki yana haɗe da kwamfutar motar, cire shi yana iya rikita waɗansu na'urorin kiyaye hatsari.

Motar da mataimakinta ya lalace ta fi duka hatsari, domin sitiyarinta yakan yi sauƙi yanzu, an jima ya yi tauri, direba bai san lokacin da zai canza ba. Alamun lalacewa su ne: kuka sa'ad da ake murɗa sitiyari, ɗigon mai a ƙarƙashin gaban mota, raguwar mai a tanki, da bel mai sako-sako ko tsagagge. Direba mai hankali yana duba waɗannan kafin ya ɗauki mutane, in ya ga alama ya kai motar gareji.

Kalmomi da Faransanci

sitiyari: volant
mataimakin sitiyari: direction assistée
sanda mai haƙora: crémaillère
gargare mai haƙora: pignon
bel: courroie

Tambayoyi

1. Waɗanne ayyuka biyu sitiyari yake yi?
2. Waɗanne dabaru biyu maƙeran motocin dā suka yi don rage nauyin sitiyari?
3. Me direba yake ji a hannunsa in tayoyi sun kusa zamewa?
4. Don me Lotus Elise ba ta bukatar mataimaki?
5. Don me cire bel kaɗai yake da hatsari?

Lissafi

Mai yana matsa kowane santimita murabba'i na fistan da ƙarfin da ya yi daidai da nauyin kilo 80. Faɗin fistan santimita murabba'i 8 ne. Da ƙarfin kilo nawa man yake tura sanda? Buhun gero nawa ke nan, in kowane buhu kilo 80 ne?