Raunata Kai Ciwo Ne, Kuma Ana Jinyarsa Ba Sai An Kwanta Asibiti Ba

A unguwannin Ɗan Iya da ke cikin birnin Bauchi, kamar sauran garuruwan ƙasar nan, akwai wani ciwo da iyaye ba su son a ji labarinsa a waje. Shi ne yaro ko yarinya su riƙa ji wa jikinsu rauni da gangan, su kuma rufe tabon da doguwar riga ko mayafi. Idan asiri ya tonu, wasu iyayen sukan ce aljanu ne, wasu su ce sammu ne, wasu kuwa su ɗauki bulala, wai taurin kai ne.

Likitocin ƙwaƙwalwa sun bayyana cewa yawancin masu yin haka ba mutuwa suke nema ba. Baƙin ciki ne ko fargaba ko fushi ya cika musu ƙirji, suka rasa wanda za su gaya wa, sai zafin jiki ya ɗauke musu hankali daga zafin zuciya na ɗan lokaci. To, da yake sauƙin ba ya daɗewa, sai kunya ta biyo baya, damuwa ta ƙaru, a sake komawa. Abin yakan fara ne a shekarun balaga, kuma sau da yawa akwai dalili a bayansa, kamar mutuwar aure tsakanin iyaye, ko auren dole, ko cin zarafi, ko faɗuwa jarrabawa, ko shaye-shaye, ko ciwon damuwa.

Amma fa kada a raina shi. Wanda ya saba raunata kansa ya fi sauran mutane shiga haɗarin halaka kansa nan gaba, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da mutum 700,000 ne suke kashe kansu kowace shekara. Ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Abin da ke hana mutane zuwa asibiti shi ne tsoron a ce ɗansu ya haukace, a kulle shi, maƙwabta su ji, 'yarsu ta rasa mijin aure. Alhali kuwa galibin masu wannan ciwo jinyar jeka-ka-dawo ake yi musu, wato su ga likita ranar da aka sa musu, su koma gida su ci gaba da makaranta ko sana'a. Wannan dabara ba baƙuwa ba ce a Nijeriya. Tun 1954 Dokta Thomas Adeoye Lambo ya fara ta a Aro, kusa da Abeokuta, inda marasa lafiya suka zauna da danginsu a ƙauyukan kewaye, suna zuwa karɓar magani da rana. Mutanen Ɗan Iya kuwa ba su da nisa da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda yake da sashen likitocin ƙwaƙwalwa. Akwai kuma manyan asibitocin ƙwaƙwalwa na Gwamnatin Tarayya a Barnawa ta Kaduna, da Maiduguri, da Kware a Jihar Sakkwato.

A zuwan farko akan duba raunin a ɗaure shi, sa'an nan likita ya zauna da mara lafiya a keɓe, ya tambaye shi barcinsa, da cin abincinsa, da zaman gida, da ko yana tunanin mutuwa. Wannan tambaya ba ta cusa wa mutum tunanin, sai ma ta buɗe masa bakin magana. Daga nan sai a shirya masa zaman tattaunawa, mako-mako ko yadda likita ya ga ya dace, a koya masa gane abin da ke tunzura shi, da abin da zai yi maimakon raunin idan zuciya ta taso. Akan rubuta masa tsari a takarda: wanda zai kira, da inda zai je, da abin da za a kawar daga ɗakinsa. In akwai ciwon damuwa a ƙasa, sai a haɗa da ƙwayoyi, waɗanda sukan ɗauki makonni kafin a ga aikinsu, ba a kuma yanke su sai da izinin likita. Kwantarwa sai ga wanda ransa ke cikin haɗari a lokacin.

Doka ma ta fara sauyawa. A watan Janairu na 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta kuma tabbatar wa mara lafiya mutuncinsa da sirrinsa. Wannan ya zo ne bayan abin da aka gani a 2019, lokacin da 'yan sanda suka fito da ɗaruruwan mutane, wasu da mari a ƙafa, daga wani gidan horo a Rigasa ta Kaduna. Sai dai sashe na 231 na dokar Final Kod ta Arewa ya sa yunƙurin kashe kai cikin laifuffuka, kuma likitoci sun daɗe suna kiran a soke shi, domin tsoron kotu yana hana iyaye kai 'ya'yansu asibiti.

Rabin maganin dai a gida yake, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Uwar da ta ga tabo a jikin 'yarta, kada ta yi kururuwa, kada ta kira taron dangi. Ta zaunar da ita ta saurare ta, ta kawar da maganin ƙwari da tarkacen ƙwayoyi daga inda hannu zai kai, ta raka ta wurin likita, ta kuma kiyaye ranar komawa ko da an ga sauƙi. Addu'a da zuwa asibiti ba kishiyoyi ba ne, kuma liman ko mai unguwa da ya faɗi haka a gaban jama'a ya taimaki gidajen da bai ma san suna ciki ba. Wanda kuwa ya sha guba, ko rauninsa ya yi zurfi, ko ya furta zai kashe kansa, a garzaya da shi sashen gaggawa nan take, kada a jira gari ya waye.