Kafin a Buga Ƙusa a Bangon Allo

Ranar jere a cikin birnin Kano, da wuya a watse ba a aiki yaro ya aro guduma a maƙwabta ba. Za a rataya agogo, da madubi, da labule, ga kuma talabijin ɗin da ango ya ce lallai a bango yake son ganinta. A da wannan ba abin tunani ba ne, a samu ƙusa mai tsayi a buga, shi ke nan. Yanzu kuwa gidaje da yawa a Yakasai da Mandawari da Gwale sun sha gyara. An raba babban ɗaki biyu da allo, an lulluɓe tsohon bango da wani, an rufe sama da silin POP. Da an shafe su da fenti, ido ba ya rabe wanda ke ɗaukar nauyi da wanda kwalliya ce kawai. Sai an ƙwanƙwasa: ɗaya ya amsa da nauyi, ɗaya ya yi ƙara kamar ganga.

Shi wannan allo, ana yin sa ne da wani farin dutse mai laushi da ake kira jifsam, irin wanda ake haƙowa a jihohin Sakkwato da Yobe ana kai wa masana'antun siminti. Ana gasa shi a niƙa, a dama da ruwa, a zuba tsakanin takardu biyu masu kauri ya daskare. Sunan POP kuwa daga birnin Faris ya samo asali, saboda irin wannan dutsen da aka daɗe ana haƙa a can. Wani Ba'amurke mai suna Augustine Sackett ne ya yi rajistar allon farko a 1894. Wanda aka fi sayarwa yau kaurinsa bai wuce milimita 12 da rabi ba, wato bai kai kaurin ɗan yatsa ba, kuma bayansa rami ne, sai sanduna na katako ko na ƙarfe da aka jera, yawanci da tazarar santimita 40 ko 60. Allon riga ce aka sa wa bango. Ƙashin yana can ciki.

Kakanninmu da suka zauna a soraye ba su taɓa rikita waɗannan biyun ba. Duba tsohon ɗaki irin na Gidan Makama, ko gidan da ya rage da ginin tubali a unguwarku. Ragayar da ake ɗora ƙwaryar nono ko tukunyar miya a jikin azara ake ɗaure ta, don itacen giginya ne ke riƙe da rufin, ba yaɓen da aka shafe shi da shi ba. Fitila kuwa ba a rataye ta, magini ne ke barin mata alkuki tun yana gini. Turken da za a rataya sirdi ko burgami, tun ƙasa tana ɗanya ake cusa shi can ciki, ya bushe tare da bangon. Maginin da ke tashin ɗaki ya riga ya san inda kaya za su zauna. Mu ne muka koma yin tunanin bayan fenti ya bushe.

Ƙusa a jikin allo ba ta da abin kamawa. Tana shiga ta marmashe garin da ke kewaye da ita, sai ta zauna a cikin ɗan rami mai faɗi. Kalanda ko ƙaramin hoto za ta riƙe. Wani abu kuma da mutane ba su cika lura da shi ba: nauyi iri biyu ne. Madubin da ya kwanta lif da bango ƙasa yake ja, allon kan iya jurewa. Amma kanta ko maƙalin talabijin mai hannu da ke miƙowa gaba, fizgo notin da ke riƙe da shi yake yi waje, kuma duk ƙarin nisan kayan daga bango ƙarin ƙarfin fizgar ne. Gwada riƙe bokitin ruwa a jikinka, sannan ka miƙa hannu da shi, za ka gane. Talabijin mai inci 55 takan kai kilo 15, amma in aka jawo ta a kan hannun ƙarfe, notin sama yana shan wahalar da ta ninka haka.

To, ya za a yi? A nemi sandar da ke baya. A bi bangon ana ƙwanƙwasawa har sautin ya sauya, ko a goga ƙaramin mayen ƙarfe, zai maƙale daidai inda aka ɗaure allon. Abu mai nauyi, irin talabijin da kabad ɗin kicin da na'urar sanyaya ɗaki, a jikin sanda ake ɗaure shi. In wurin da ake so bai zo daidai da sanda ba, sai a gitta faffaɗan katako a kan sanduna biyu, a ɗora kayan a kansa. In kuwa akwai bulo a bayan allon, a huda a wuce da dogon noti har cikinsa. Kayan da ba su kai haka ba, kamar madubi ko sandar labule, akwai musu ƙusa mai fukafuki da ke buɗewa a bayan allo ta kama wuri mai faɗi, ana samunta wajen masu kayan gini a Ƙofar Ruwa. Kada mai shago ya haɗa ka da fisha ta roba ya ce ai duk ɗaya ne. Fisha kumbura take yi ta matse jikin siminti, a allo kuwa babu abin da za ta matsa.

Fanka ce ta fi ba ni tsoro, don ita ba nauyi kawai gare ta ba, motsi take yi dare da rana, kuma a kan mutane. Girgizar da ba ta kai a kula ba ita ce ke cin garin da ke kewaye da noti, wata da watanni, har ranar da za ta gaji. Ba a rataya fanka ko babbar fitilar ado a jikin silin POP ko kaɗan. Ƙugiyarta daga rodin dakin take saukowa, ko daga katakon rufi mai ƙwari, silin dai a huda mata hanya ta wuce. Wannan magana ce da ya kamata a gama da mai wayarin da mai POP kafin a rufe sama. Na sha jin ana cewa ai an gwada, an ja da hannu, ba ta motsa ba. Ran da aka ɗaura ta ba ta motsi, wannan gaskiya ne.

Sai damina. Rufin cikin birni ba ya rasa yoyo, musamman inda aka ɗora kwano a kan tsohon gini, kuma jifsam in ya sha ruwa ya zama kamar jiƙaƙƙen alli. Notin da ya riƙe gam a watan Maris yana iya sakin kaya a watan Agusta. Haka katakon da ke baya, in ba a shafe shi da magani ba, gara za ta cinye cikinsa ta bar fatar.

Kafin a huda ko'ina, a kashe wuta daga mita, a kauce wa layin da ya miƙe sama ko gefe daga soket da makunni, domin nan waya ta fi bi. Ɗan haya ya tambayi mai gida abin da ke bayan allon, watakila shi ya tsaya a kan aikin. Wanda kuma yanzu yake gyara, ya ce wa kafinta ya sa ƙarin katako a inda talabijin da kabad za su zauna, ya ɗauki hoton sandunan da wayar hannu kafin a rufe, ya ajiye.