Ranar da za a narke takuba: Abin da Kiristoci ke bege game da salamar ƙarshen zamani

A ƙarshen Nuwamba ko farkon Disamba, daidai lokacin da manoman Aliero da Maiyama ke fama da aikin albasa a fadamu, mabiya ɗarikun Katolika da Angilikan kan shiga Lahadi huɗu na shirin Kirsimeti. A majami'un Jega da kewaye, inda 'yan kasuwa da ma'aikatan gwamnati da ɗaliban jami'ar Aliero ke ibada, wa'azin wannan lokaci ba ya tsayawa kan haihuwar Yesu Almasihu kaɗai. Yana kuma duban dawowarsa, da salamar da Kiristoci suka gaskata za ta mamaye duniya.

Tushen wannan bege yana cikin sura ta 2 ta littafin Annabi Ishaya, wanda ya rayu a Urushalima a ƙarni na 8 kafin haihuwar Almasihu, zamanin da daular Assuriya ke cinye ƙananan ƙasashe. Ishaya ya hango ranar da al'ummai za su ɗunguma zuwa dutsen Ubangiji domin su koyi tafarkinsa, Allah da kansa ya raba musu gardama, su kuma mayar da makamansu kayan noma. Sura ta 4 ta littafin Mika ta zo da irin wannan hoto. A Sabon Alkawari kuwa, sura ta 7 ta Wahayin Yahaya ta siffanta taron da ba ya ƙidayuwa daga kowace kabila da harshe suna sujada tare, sura ta 21 kuma ta yi albishir da sabuwar duniyar da babu mutuwa ko makoki a cikinta.

Abin lura shi ne, a waɗannan nassosi salama da sujada ba sa rabuwa. Sai mutane sun yarda da alƙali guda sannan suke ajiye makami. Wato adalci ne ke haifar da zaman lafiya, ba gajiya da yaƙi ba.

Kiristoci sun bambanta kan yadda hakan zai auku. Sura ta 20 ta Wahayin Yahaya ta ambaci mulkin shekara 1,000. Da yawa daga cikin majami'un bishara na ɗaukar sa a zahiri, cewa Almasihu zai dawo ya yi sarauta a bayan ƙasa. Katolika kuwa sun fi bin fahimtar Agustin, malamin nan na Arewacin Afirka da ya rasu a shekarar 430, wanda ya ɗauki adadin a matsayin ishara ga zamanin ikkilisiya. Sai dai duk sun haɗu kan cewa babu wanda ya san ranar. Musulmi ma sun yi imani da saukowar Annabi Isa (A.S.) a ƙarshen zamani da wanzuwar adalci, ko da yake addinan biyu sun saɓa kan matsayinsa.

A Jihar Kebbi, batun ya wuce muhawarar malamai. Sace ɗaliban Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri a watan Yunin 2021, da hare-haren da suka raba manoman Masarautar Zuru da gonakinsu, sun taɓa Musulmi da Kirista baki ɗaya. Idan manomi ya kasa shiga gona, ɗan kasuwar Jega ne zai ji a jikinsa, ma'aikaci kuma ya gani a farashin hatsi.

Shi ya sa wasu ke tambaya: shin jiran salamar gobe ba zai sa mutum ya naɗe hannu yau ba? Amsar da masana tauhidin Kirista ke bayarwa ita ce, cika alkawarin na Allah ne, amma wanda ya gaskata shi wajibi ne halinsa ya nuna. Wa'azin Yesu na kan dutse, a sura ta 5 ta Matiyu, ya sanya albarka ga masu sulhunta mutane, ya kuma umarci mabiyansa su ƙaunaci maƙiyansu. A aikace, hakan na nufin ƙin ramuwar gayya, da cika mudu a kasuwa, da riƙe amanar ofis.

Hoton Ishaya ya ƙetare bangon majami'a. A harabar Majalisar Ɗinkin Duniya da ke New York akwai mutum-mutumin wani maƙeri yana sarrafa takobi ya zama garma, kyautar Tarayyar Sobiyet a 1959, ƙasar da gwamnatinta ba ta yarda da addini ba. Manomin da ya bar gonarsa a Danko-Wasagu ba ya buƙatar mai yi masa fassarar wannan hoto.