Me Ya Sa Tarin Fuka Ke Dawowa Bayan An Sha Magani?

Mai tarin fuka yakan ji sauƙi makonni kaɗan da fara shan magani. Tari ya lafa, zufan dare ya ɗauke, abinci ya fara shiga. A nan ne wasu ke ajiye magani, alhali cutar kwanciya kawai ta yi, ba ta mutu ba.

Ƙwayar wannan cuta taurin kai gare ta, shi ya sa maganinta ke ɗaukar wata 6. A wata 2 na farko ana haɗa magunguna 4, sauran wata 4 kuma a ci gaba da guda 2. Idan aka tsaya a tsakiya, ƙwayoyin cutar da suka rage sai su sake hayayyafa, wani lokaci ma su daina jin maganin. Irin wannan tarin ya fi wuyar warkewa, kuma shi majinyaci zai iya shafa wa iyalinsa.

Hanyar kariya a bayyane take. A sha magani kullum ba fashi. Idan fitsari ya koma jaja-jaja, aikin maganin rifampicin ne, kada a tsorata. Amma idan ido ya yi rawaya, a garzaya asibiti. A riƙa komawa gwajin kaki a ranakun da likita ya sa, a kai mutanen gida a duba su, a bar tagogi a buɗe, a yi wa jarirai allurar BCG.

Gwaji da magani kyauta ne a asibitocin gwamnati a Najeriya. Duk wanda tarinsa ya wuce mako 2, ya je a auna shi. Wanda ya fara magani kuma, don Allah ya kai shi ƙarshe.