Wuƙar Japan da Wuƙar Maƙerin Gida: Ina Sirrin Kaifi Yake?

Duk wanda ya ratsa unguwar Rafin Guza ko kasuwar Kawo da ke Kaduna ana saura 'yan kwanaki Babbar Sallah, zai ga yadda cinikin wuƙaƙe ke tashi. Masu talla suna yawo da su, masu washi kuma sun kafa injinansu a bakin titi, domin kowane magidanci yana son ranar layya ta same shi da wuƙa mai ci, kamar yadda addini ya yi umarni a wasa wuƙa don sauƙaƙa wa dabba. Galibin waɗannan wuƙaƙe, ko dai ƙirar maƙeran gida ne, ko kuwa 'yan kanti masu ƙyalli da ake shigowa da su daga waje. A yanzu kuma intanet ta buɗe hanya ta uku. Mutum yana zaune a ɗakinsa a Rafin Guza yana iya aika kuɗi kai tsaye ga wani maƙeri a ƙasar Japan, a ƙera masa wuƙar girki da hannu, a aiko masa. Kuɗin irin wannan wuƙa guda ɗaya yana iya sayen wuƙaƙen gida masu ɗimbin yawa, musamman tun da darajar naira ta faɗi bayan canjin tsarin musayar kuɗi na shekarar 2023. Saboda haka ya kamata mai saye ya san abin da yake biya, kuma amsar tana cikin ilimin ƙarfe.

Ƙira a nan da can

Sana'ar ƙira ba baƙuwa ba ce a wannan yanki. A Taruga, ɗaya daga cikin wuraren al'adar Nok, masana tarihin ƙasa sun tono matoyar tama wadda ta haura shekara 2,000, kuma sunan Nok ɗin kansa na wani ƙauye ne da ke kudancin Jihar Kaduna. An sami alamun narka tama a Samaru ta Zariya da kuma Dutsen Dala na Kano. Bayan da jirgin ƙasa ya isa Kano a shekarar 1911, sai ƙarfen Turai da tarkacen injuna suka yawaita, haƙar tama ta yi ta ja da baya har ta mutu. Maƙerin baƙi na yau yana nan da zugazuginsa da masaɓarsa da awartakinsa da uwar maƙerarsa, amma ƙarfensa daga 'yan gwangwan yake samo shi, a wurare irin su kasuwar Panteka.

A Japan kuwa, garuruwa biyu ne suka fi suna: Seki, wadda ta shahara da ƙera takubba tun ɗaruruwan shekaru, da Sakai da ke kusa da Osaka, wadda ta yi fice da wuƙaƙen yanka ganyen taba tun ƙarni na 16. A shekarar 1876 gwamnatin Japan ta hana yawo da takobi a bainar jama'a, sai maƙeran takubba da dama suka koma ƙera kayan aikin gida da na girki. A Sakai akan raba aikin gida uku, wato mai ƙira daban, mai washi daban, mai sa ƙota daban. Ke nan wanda ya ce ya saya daga hannun maƙeri kai tsaye, sau da yawa aikin mutum uku ya saya.

Kabon da ban ruwa

Zallar baƙin ƙarfe yana da taushi, ba ya riƙe kaifi. Abin da ke ba shi tauri shi ne ɗan sinadarin kabon da ke cikinsa, wato irin sinadarin da gawayi ya ƙunsa. Rodin gini da falankin ƙarfen da ake yin ƙofa da shi, kabon ɗinsu galibi bai wuce kashi 0.3 cikin ɗari ba, shi ya sa wuƙar da aka ƙera da su take dakushewa tun ba a gama fiɗar rago ɗaya ba. Sifirin ɗin mota, wanda ƙwararrun maƙeran gida suka fi so, yana da kimanin kashi 0.6. Ƙarafan da maƙeran Japan suka fi amfani da su, waɗanda suke kira shirogami da aogami, wato farar takarda da shuɗiyar takarda, suna ɗauke da kashi 1 zuwa 1.4, kuma an tace su daga dattin sinadarai ƙwarai. A cikin aogami akan ƙara kuromiyam da tangistin don ya daɗa jure goga.

Sai dai kabon kaɗai ba ya yin komai sai an ba ƙarfe ruwa, kuma a nan ne gwanintar maƙeri take. Ƙwayoyin zarra na ƙarfe a jere suke cikin wani tsari, tamkar bulo a jikin gini. Idan ƙarfe yana da sanyi, wannan tsari ba ya iya ɗaukar kabon a cikinsa sai ɗan ƙalilan, ƙasa da kashi 0.02 cikin ɗari, saura kuwa yana zaune a gefe cikin wasu siraran falle-falle. Da zarar zafi ya haura digiri 727 a ma'aunin Salshiyas, sai jerin ya fara sauyawa zuwa wani tsari da masana ke kira ostanayit, wanda ke da guraben da kabon zai narke ya shige, kamar yadda sukari ke ɓacewa a ruwan shayi. Idan aka bar ƙarfen ya huce a hankali, kabon zai fito ya koma mazauninsa, ƙarfe ya koma da taushinsa. Idan kuwa aka tsoma shi cikin ruwa ko mai farat ɗaya, to kabon ba zai sami damar fita ba. Sai ya maƙale a tsakanin ƙwayoyin ƙarfe, ya takura su, su kasa zamewa a kan juna. Wannan takurarren tsari shi ne matansayit, kuma shi ne ainihin taurin wuƙa, ko ta Sakai ce ko ta Panteka.

Maƙeri ba shi da ma'aunin zafi, launin ƙarfe yake karantawa, shi ya sa maƙeran Japan suka fi son yin ban ruwa cikin duhu don ido ya tantance jan da kyau. Akwai kuma wata dabara mai sauƙi: maganaɗisu yana daina kama ƙarfe a wajen digiri 770, wanda ke dab da zafin da ake bukata. Maƙerin da ya rataye ɗan maganaɗisun tsohuwar sifika kusa da wutarsa ya sami ma'auni kyauta.

Aikin bai ƙare a nan ba. Ƙarfen da ya fito daga ruwa yana da tauri, amma yana da gautsi kamar tangaran, in ya faɗi ƙasa yana iya karyewa. Dole a sake ɗumama shi a hankali, tsakanin digiri 150 zuwa 250, don takurar ta ɗan sassauta. A wannan mataki ma launi ne jagora. Idan aka goge ƙarfen ya yi haske sannan aka ɗumama shi, zai fara yin ruwan kara a wajen digiri 220, daga nan ya yi ja-ja, ya koma shuɗi a wajen digiri 300. Ruwan kara ya dace da wuƙar yanka, shuɗi kuwa na abin da ake so ya lanƙwasu ya dawo ne. Babban abin lura shi ne, ba a samun cikakken tauri da cikakkiyar juriya a lokaci guda. Duk abin da aka ƙara wa ɗaya, daga ɗayan aka rage shi.

Maƙeran Japan sun zaɓi tauri. A ma'aunin Rokwel, wanda ake auna taurin ƙarfe da shi, wuƙaƙensu sukan kai 60 zuwa 65, alhali na Jamus sukan tsaya a 56 zuwa 58. Wannan ne ya ba su damar sirantar da bakin wuƙa ƙwarai ba tare da ya naɗe ba. Don rage haɗarin karyewa, sukan liƙa siririn ƙarfe mai tauri a jikin ƙarfe mai taushi a cikin wuta, mai taurin ya zama baki, mai taushin ya zama garkuwa.

Abin da mai saye zai tarar

Wuƙa irin wannan an yi ta ne don girkin Japan. Yanagiba doguwa ce siririya, ta yanka ɗanyen kifi. Usuba ta kayan lambu ce, deba kuwa ta fiɗar kifi. Duk ukun gefe ɗaya kawai ake wasa musu, saboda haka bahago sai ya nemi tasa daban, kuma kuɗinta ya fi yawa. Gyuto da santoku ne suka fi kusa da wuƙar da aka saba da ita. Babu ɗaya daga cikinsu da aka yi don sarar ƙashin sa ko daddatsa ƙafar saniya. Mahaucin da ya gwada haka zai ga bakin wuƙarsa ya ɓantare kamar haƙorin zarto, kuma ba laifin maƙeri ba ne. A wannan fage, wuƙar sifirin da aka ba ruwa daidai ta fi ta nesa ba kusa ba.

Akwai kuma batun yadda ake yanka a gidajen Hausawa. Uwargida takan riƙe albasa ko kuɓewa a tafin hannu, ta jawo wuƙa zuwa babban yatsa. Da wuƙa mai matsakaicin kaifi wannan ba ya cutarwa, amma da wuƙar Sakai ganganci ne, sai an koma yanka a kan katako.

Shirogami da aogami suna tsatsa, domin ƙarfe ba ya zama mara tsatsa sai kuromiyam ɗinsa ya kai aƙalla kashi 10.5 cikin ɗari, irin wanda Harry Brearley ya samar a Ingila a 1913. A unguwa irin Rafin Guza da ke gaɓar Kogin Kaduna, laimar damina da ruwan tumatir suna iya ɓata wuƙar da aka bari a jiƙe cikin sa'o'i kaɗan, hunturu kuma yana busar da ƙotar itace har ta yi sako-sako. Haɗari mafi girma shi ne injin washi na bakin titi. Dutsensa yana juyawa da gudu babu ruwa, siririn bakin wuƙa yana ɗaukar zafi nan da nan, kuma da zarar ya yi shuɗi, to ban ruwan da aka biya dubban nairori dominsa ya lalace. Da dutsen washi na hannu da ruwa ake wasa ta. Wasu maƙeran gargajiya ma sukan aiko da wuƙa ba a gama fitar mata da kaifi ba, don mai ita ya ƙarasa da kansa. Ban da haka akwai kuɗin aikowa, da harajin kwastan, da jiran watanni in ƙira ce ta musamman, da wahalar mayar da kaya in an sami aibi, ga kuma 'yan damfara masu buga rubutun Japan a jikin wuƙar masana'anta.

Raunin maƙerin gida kuwa ba a hannunsa yake ba, a ƙarfensa yake. Shi maƙerin Sakai ya san adadin kabon ɗin da ke cikin ƙarfen da ya saya daga masana'anta, na Panteka kuwa tsinto nasa ya yi, kuma wasu sukan tsallake ɗumamawa ta biyu don sauri. Duk da haka mai saye yana da damar da intanet ba za ta ba shi ba, wato ya tsaya a gaban maƙeri ya faɗi aikin da zai yi da wuƙar, ya nemi a yi ta da sifirin, ya kuma gwada ta. Idan aka goga magagari a bakin wuƙar da ta sha ruwa sosai, zamewa zai yi ba tare da ya ci ba. Idan aka ɗora ƙarfen a kan injin washi kafin a ƙera shi, mai yawan kabon zai fitar da tartsatsi mai rassa kamar furen wuta, mai ƙarancin kabon kuwa dogayen layuka kawai zai fitar.

Malamin kimiyya yana iya nuna wa ɗalibansa duk wannan da manyan allurai guda uku da awartaki da wutar risho. A ƙona ta farko har ta yi ja, a bar ta ta huce a iska, za a ga tana lanƙwasuwa kamar waya. A ƙona ta biyu a jefa ta cikin ruwan sanyi, da an tanƙwara ta za ta karye ƙas, don haka ɗalibai su kare idanunsu. Ta uku a ba ta ruwa kamar ta biyu, a goge ta da yashi ta yi haske, sannan a riƙe ta nesa kaɗan da harshen wuta har ta yi shuɗi. Idan ta huce aka ɗan tanƙwara ta, za ta dawo yadda take.