Burkin Motar Yaya da Hanyar Birnin Gwari

'Yan uwana 'yan mata, ranar kai amarya Birnin Gwari kowa lalle da turare take dubawa, ba mai tuna burki. Alhali daga Kaduna, da an wuce Buruku sai daji, ga labarin 'yan bindigar dajin Kamuku. Wa zai so mota ta ba shi kunya a nan?

Ni Yayana ne ya koya mini a tsohuwar 504 ɗinsa, haɗin kamfanin Fijo na Kaduna da aka buɗe a 1975. In kika ji ƙiii da an taka, to takalmin burki ya cinye, ƙarfe ke gugar faifai. A tokare tayoyin baya da dutse, a sassauta notuna, a ɗaga da jak, a cire taya, a zare tsofaffin a sa sababbi. Faifan in ya yi kwari shi ma canza shi ake, kuma hagu da dama tare.

Kafin a tashi, a yi ta taka burki har ya yi tauri. "Ke ƙanwata, kika manta wannan sai bango," in ji Yaya. Lallena kam ranar baƙin mai ya gama da shi.